Motar Gidanmu ta Da: Kowa Ya Kawo Tasa

Autan Gida:
Jama'a, sallama. Jiya ina kwashe tarkacen wata tsohuwar akwatin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da makullin motarsa. Motar ta bar hannunmu fiye da shekara 25, amma makullin yana nan, ɗaure da wani zare da ya koɗe. Peugeot 504 ce, fara, ƙirar 1978. Ina riƙe shi sai na ji ƙararta a kunnena. Tun daga kan kwana muke gane Baba ya dawo, domin yana da wata ɗabi'a ta taɓa totur sau biyu kafin ya kashe inji. Mai wasa ya bar wasa, mai kuka ya share hawaye. Shi ne na ce bari in ji naku. Wace mota kuka tashi da ita, me kuka fi tunawa?

Malam Dattijo:
Allah ya gafarta masa, yaro. Ni ba a cikinta na tashi ba, ni na tuƙa. Tawa 404 ce, yayar taku, wadda ta fara fitowa a 1960. Giyarta a jikin sitiyari take, saboda haka ƙasa a buɗe yake tsakanin kujerun gaba. Matashi muke sakawa a wurin, ƙaramin cikin yara ya zauna. Sai da ta kai ana rikici a kan wannan gurbi, na yanke hukunci: wanda ya wanke taya shi zai zauna. Ban ƙara wanke taya da hannuna ba har suka girma.

Da safe kuwa akwai ladabin tashinta. Ka ja cok, ka murɗa makulli, ka bar ta ta yi ɗumi, sannan ka mayar da cok a hankali. Wanda ya yi gaggawa shi da ita.

Bakanike Mai Ritaya:
Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bari in yi wa yaran yanzu bayani, don na san wasu ba su taɓa ganin cok ba. Injin da ya kwana da sanyi, fetur ba ya saurin zama tururi a cikinsa. Cok yana toshe hanyar iska a bakin kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska, sai fetur ya rinjayi iska, inji ya kama. Matsalar ita ce mantuwa. In ka bar shi a jaye kana ta tafiya, mai zai zube kamar ana kwarara shi, filogi su yi baƙi ƙirin, salansa ta riƙa hayaƙi. Rabin motocin da ake kawo mini wai "ta ƙi tashi", ba abin da nake yi sai in kwance filogi in goge, in duba kwantak, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa suna rufewa don filogi ya ba da wuta. Ratar kwantak ɗin nan ba ta wuce kashi huɗu cikin goma na milimita ba. In babu ma'auni a kusa, da ɗan siririn kwali muke gwadawa, kuma ta tashi.

Autan Gida, taku ba ƙaramar mota ba ce. A 1968 aka fara nuna ta a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. A 1975 wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da ita, irin mai ƙofa huɗun nan. Sirrinta a ƙafa yake: sifirin ɗinta yana da doguwar tafiya, shi ya sa take haɗiye rami ba tare da ta jefar da na baya ba. Ka tuna inda safayarta take?

Autan Gida:
A ƙarƙashin but, daga waje, Baba! Ni ake turawa in jawo ta saboda ni ne ƙarami. Na sha ƙura.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri in ɗan zuba ruwa a wutar nan. Kowa yana yabo, amma ni abin da nake tunawa shi ne kujerar baya. Mu shida ake jerawa, babba a ƙasa, ƙarami a cinya. Kujerar leda ce, in mota ta wuni a rana sai ka ɗaga ƙafa kamar ka taka garwashi. Babu na'urar sanyaya ɗaki, hannun murɗa gilashi guda ɗaya ne ya rage, ana miƙa shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Bel kuwa a gaba kawai yake, shi ma ba mai ɗaurawa. Wata rana Baba ya taka birki da ƙarfi saboda wani mai keke, ƙanena ya tashi daga cinyata ya daki bayan kujera. Tabon yana goshinsa har yau. Ina ƙaunar motar nan, amma ba zan saka 'ya'yana a irin wannan zama ba.

Malam Dattijo:
Gaskiyarki, 'yata. Allah ne ya tsare mu. Kuma ba a ce babu bel ɗin a duniya ba, tun 1959 injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya fito da mai ratsa kafaɗa da ƙugu. Mu ne muka ɗauke shi ado.

Yaya Babba:
Tamu Toyota Corolla ce ta farkon shekarun 1980, mai jan baya, inji lita 1.3. Da ita na koyi tuƙi, a sace. Laifin da ban taɓa faɗa wa Baba ba sai bayan na yi aure shi ne wannan: ya ce in duba ruwan lagireto kafin wata doguwar tafiya, na ce na duba, alhali ko murfin ban taɓa ba. Muna tsakiyar hanya allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe gaban mota. Na ruga zan buɗe murfin, ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ashe da na buɗe, tafasasshen ruwa ne zai wanke mini fuska. Awa guda muka zauna a gefen titi, bai ce mini uffan ba. Da na ba shi labari bayan shekaru, dariya ya yi, ya ce tun a ranar ya sani, don ya ga hannuna tas babu ko ɗigon baƙin mai.

Uwar Biyu:
Yaya, ku ma kuna turi? Mu kam kowace safiya ta sanyi sai mun fito da kayan makaranta mun tura.

Bakanike Mai Ritaya:
Giya ta biyu, a taka kuloci, a saki da zarar ta ɗauki gudu. Batir ne ya tsufa, Hajiya, mahaifinku yana jan lokaci. Motar yau mai canza giya da kanta, ku tura ta har dare ba za ta amsa ba.

Autan Gida:
Na tambayi yayarmu wanda aka sayar wa tamu. Ta ce wani mai koyar da tuƙi ne, ya ƙara mata feda a gefen fasinja, ya yi mata fenti ruwan ƙwai. Ta ce ta taɓa ganinta sau ɗaya a kan titi tana tafiya tana tsalle a hannun ɗan koyo, ta gane ta ne da lotsawar da na yi mata da keke a ƙofar baya ta hagu.