Musayar waƙa kan Peter Falk, mai ido ɗaya da tsohuwar kwat

Sani Fagge:
Jama'a wa ya tuna Peter Falk na shirin talabijin ɗin Columbo, wanda ya fito a matsayin ɗan sandan bincike mai suna Columbo? Haihuwar New York ne 1927, ya rasu 2011 yana da shekara 83 bayan ciwon mantuwa ya kama shi, ga baiti nan wanda ya iya ya amsa.

Yana ɗan shekara uku ciwon daji ya kama,
Likitoci suka taru suka cire idon dama,
Na gilashi suka sa, yaro ya ci gaba da fama,
Har sunansa ya zaga duniya ya kai sama.

Maman Ilham:
Malam Sani ka yi shiru kan kwat da gashi,
Kwat duk a yamutse, kan ko mataji bai san shi,
Sigari a baki toka na zuba a jikinshi,
Ni ban ga ɗan sanda ba, na ga wanda ake bi bashi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya kin ban dariya wallahi, amma fa kwat ɗin nan tasa ce ta kansa ya zo da ita wajen ɗaukar shirin, motar kuma Fijo 403 ce duk ta sha jiki.

Shigar banzan nan ita ce tarkon da ya ɗana,
Attajiri ya yi kisa yana taƙama da suna,
Ya raina mai tsohuwar Fijo ya saki baki da magana,
Sai Columbo ya kai ƙofa ya juyo da tambaya guda, mai laifi ya kasa kwana.

Sani Fagge:
Soja sun ƙi Falk kan ido, ya hau jirgin ruwa yana girki,
Ya dawo ya yi digiri, jihar Connecticut ta ba shi aiki,
Ya bar ofishin kasafi yana dab da talatin, abin mamaki,
Lambar yabo ta Emmy huɗu ya ci da Columbo, a fagen nan shi ne sarki.

Maman Ilham:
To naji na yarda, amma ku ban amsar wannan.

Kullum Columbo yana zancen matarsa da abin da take so,
Daga 1968 har 2003 ba ta fito ba ko leƙo,
Kulle yake mata ko dai babu ita tun farko?

Ɗan Damagaram:
Hhhh Hajiya wannan ta fi ƙarfina, Malam Sani ga ka ga ta.