Karena ya fara cizon tumaki maimakon tattara su, in haƙura ne?

Ɗan Bukuru: Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Ina da tumaki 14 da awaki 6 a bayan Bukuru hanyar Vom, yaron da ke min kiwo ya koma makaranta shi ya sa na samo ɗan kwikwiyo, ruwa biyu ne, uban Border Collie (irin karnukan kiwon tumaki na Turawa) uwar kuma karyar gida. Yanzu watansa 7. Da farko kamar abin zai yi, yana zagaya su yana sunkuyar da kai yana zuba musu ido, amma tun ranar Asabar da na sake shi sai ya faɗa tsakiyarsu ya watsa su, jiya ma ya kama wata tunkiya mai ciki a ƙafar baya har ta yi jini. Na zane shi, yau kuma ko kusa da garken ya ƙi zuwa. Wallahi abin ya dame ni.

Mai Gona Bassa: Wa'alaikumus salam. Malam ka daina dukan nan tukuna, shi bai san laifin cizo ka hukunta ba, gani yake zuwa wajen tumakin ne laifin. Kuma ka yi gaggawa, wata 7 ai yaro ne, can Ingila da Sikotilan inda asalin Border Collie yake ma galibi sai kare ya doshi shekara ake fara masa horo na sosai. Wannan zagayen da kallon da ka gani ɗabi'ar farauta ce, aikinka ka koya masa tsayawa kafin ta kai ga kamu. Ka ba shi hutun sati biyu, ba tumaki sam, ka koya masa "kwanta" da "zo" har su zauna masa. Bayan nan ka ware huɗu ko biyar marasa ciki a ɗan shinge, ka sa masa doguwar igiya, minti goma kawai ka tsaya tun bai gaji ba, don gajiya da ruɗewa ke sa su cizo. Awakin kam cire su, su ba sa dunƙulewa, wata ma juyowa za ta yi ta tunkuye shi.

Jikan Fulani: Ni a ruga na tashi, mu sanda da murya muka sani, kare gadi ne nasa. Tumakinmu ba su san kare a matsayin makiyayi ba, da sun gan shi gudu ne, gudun kuma shi ke ƙara zuga shi. Ka riƙa ɗaure shi kusa da garke suna cin dusa suna ganinsa har su saba. In kiwon bai yiwu ba ka bar shi ya yi gadi, ba asara ka yi ba.

Maman Biyu: Ɗan'uwa ya jikin tunkiyar? Ka wanke ciwon da ruwa da sabulu ka kira likitan dabbobi, irin wannan korar tana sa su ɓari. Sannan an yi masa allurar ciwon haukan kare kuwa? Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da kai.

Ɗan Bukuru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Allura an yi tun yana wata 3. Tunkiyar tana ɗingishi amma ta ci abinci da safe, likita zai zo gobe in sha Allah. Mai Gona igiyar kamar mita nawa kake nufi?