Hedfon na gem mai makirfo: wanne ne zai jure?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman hedfon mai makirfo da zan riƙa buga Call of Duty da shi a PS5, wani lokaci kuma PUBG a waya. Na yanzu ya tsage daidai inda kunnen ya haɗu da abin kai, ga shi sautinsa lafiya lau. Don Allah wanne ne mai ƙwari?

Malam Sanusi: Wa alaikumus salam. Auwalu, wurin da naka ya tsage, nan ne akasarinsu ke mutuwa. Duk sawa da cirewa sai ka buɗa shi, kuma nauyin buɗawar a wannan mahaɗin yake sauka. In roba ce, tana gajiya ta dare. Saboda haka kafin ka tambayi sauti, juya shi ka duba abin da ya riƙe kunnuwan. HyperX Cloud II alminiyon ne, tun 2015 yake kasuwa kuma har yau ana sayen sa. Makirfonsa ana zare shi a mayar, in ya lalace shi kaɗai za ka canza.

Bashir Zariya: Gaskiya ne Malam, amma a faɗa masa igiyar Cloud II a manne take da kunnen. Ranar da ta tsinke daga ciki sai mai gyara ya buɗe ya yi soda. Ni Cloud Alpha zan ce ya nema, wanda ya fito a 2017. Ƙarfen nan dai yana nan, igiyar kuma ana cire ta.

Malam Sanusi: Na yarda da kai a kan igiya.

Zainab: Ku yi maganar soson kunne mana. Wannan baƙar ledar da ake lulluɓe soso da ita ba fata ba ce, kuma zafinmu da gumi suna cinye ta. Za ka ga ta fara ɓarewa tana manne maka a kunne da wuya. A Afrilu, ba wuta ba fanka, mutum ba zai iya awa biyu da ita ba. Logitech G Pro X yana zuwa da soso kala biyu a kwali, na leda da na yadi. Na yadin ya fi shan iska, sai dai hayaniyar waje ta fi shigowa, kuma yana tara ƙura lokacin hunturu. Ana cire shi a wanke.

Auwalu: Na gode Anti Zainab. Razer fa? Na ga BlackShark V2 ya burge ni.

Bashir Zariya: Ba shi da nauyi, wajen giram 260 ne, su Cloud II da G Pro X sun haura 300, kuma wuya yana jin bambancin in zama ya yi tsawo. Amma siraran ƙarafa ne suka riƙe kunnuwansa. In kai kaɗai ke amfani da shi, ka rataye in ka gama, babu damuwa. In akwai ƙanne a gida ko jefa shi kake cikin jaka, ɗauki mai kaurin ƙarfe.

Malam Sanusi: Sannan kada rubutun 7.1 a kwali, wato sautin da ake ji kamar yana zuwa ta ko'ina, ya ja ka. A Cloud II wannan daga ɗan akwatin USB yake fitowa. Haka gyaran murya na Blue VO!CE a G Pro X, sai a kwamfuta yake aiki. Kai da za ka soka a ramin fad ɗin PS5, wato abin da kake riƙewa ka buga gem, sautin kunne biyu za ka samu, na'urar da kanta take ƙara nata na 3D, kuma ya isa ka gane ta ina takun abokin gaba yake zuwa.

Zainab: Wayarka tana da ramin iyafis? In babu, haɗa da adafta ta USB-C mai ɗaukar makirfo, don ba duka ke ɗauka ba. Bluetooth kuwa sauti yana ɗan makara, a PUBG za ka ji harbi bayan an riga an same ka.

Auwalu: Tana da shi. Asabar zan shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano in sha Allah.

Bashir Zariya: To ka yi hattara da jabu, suna da yawa. Taɓa ƙarfen ka ji sanyinsa, don akwai robar da ake yi wa fenti kamar ƙarfe. Ka sa a gwada maka makirfon a shagon, ka naɗi muryarka a waya ka saurara kafin ka biya.