Jiri da tangaɗi sun kama mahaifinmu, muna neman shawara

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekaranjiya da asuba mahaifinmu, mai shekara 68, ya miƙe daga wurin alwala sai jiri ya kwashe shi, ya dafa bango, ya yi amai. Tun daga lokacin, idan ya taka sai ya riƙa karkata dama, idan ya ɗauki kofin shayi da hannun dama sai ya kauce wa bakinsa, kuma ya ce kunnen nan na dama ya toshe. Yana da hawan jini, amma ya daɗe da barin shan magani. Mai kemis ya ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro, ba mu ga sauƙi ba. Me kuke ganin ya kamata mu yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, ɗan uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ku kai shi sashen gaggawa na babban asibiti yau ɗin nan. A ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda ke daidaita tsayuwa da tafiya da saitin hannu, kuma kowane ɓangarenta ɓarin jikin da ke gefensa yake kula da shi, shi ya sa karkatar da hannun da kunnen da suka taru a dama suka tayar mini da hankali. Jijiya ta takwas cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ce ke kai saƙon ji da na daidaito daga cikin kunne zuwa tushen ƙwaƙwalwa, kuma magudanar jini ɗaya kan ciyar da kunnen da wani sashe na ƙaramar ƙwaƙwalwar, don haka toshewarta kan taɓa su tare.

Wani dattijo: Ni ma na yi hajijiya bara, likita ya ce ƙananan ƙwayoyin alli ne suka goce a cikin kunnena, ya jujjuya mini kai a kan gado, na warke. Wataƙila irinta ce.

Ma'aikaciyar jinyar: Baba, irin taku takan zo ne idan an juya kai a kwance, ta lafa cikin minti ɗaya, ba ta hana ji, ba ta kuma karkatar da hannu. Wannan ta kwana biyu ba ta sake shi ba, kuma a kwanakin farko ne wurin da jini ya daina isa a ƙaramar ƙwaƙwalwa kan kumbura ya danne cibiyar numfashi da ke kusa. Ɗan uwa, ka tambayi likita game da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, domin na CT yakan kasa nuna matsalar ƙeya da wuri. Idan yana ƙwarewa, kada ku ba shi ruwa ko abinci a hanya.

Mai tambaya: Mun gode, Hajiya. Yayana ya tafi neman mota, ni kuma ina tattara tsofaffin katunansa na asibiti.