Tara tsoffin garmaho: sha'awa ce ko jari?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda zai fara tara tsoffin garmaho, irin waɗanda ake yi wa wani da hannu, ya ɗauki abin sha'awa kawai, ko ajiyar kuɗi ce mai riba nan gaba? Kuma me ake dubawa kafin a biya?

Mai_Faifai:
Wa alaikumus salam. Malam, ba tsufa ke sa garmaho tsada ba, ƙarancinsa ne. Kamfanin Victor na Amurka ya fito da Victrola a 1906, wanda ƙahonsa ke ɓoye cikin akwati, kuma samfurin XI kaɗai an ƙera fiye da 800,000. Ya haura shekara ɗari, amma yana nan birjik. Haka samfurin 102 na kamfanin HMV na Ingila, na ɗauka a hannu, da aka fara ƙerawa a 1931: ga sauti mai daɗi, amma ba jari ba ne. Masu riƙe daraja su ne irin na Berliner, wanda ya ƙirƙiro garmaho mai faifai, na shekarun 1890, da na kamfanonin EMG da Expert da aka haɗa da hannu a Landan, masu ƙaton ƙaho na takarda. Su ma sai ka cire kamashon gidan gwanjo, da kuɗin dako, da na gyara, kafin ka yi maganar riba. Sayi wanda kunnenka ke so.

Bakanike:
Kafin maganar riba, a kiyayi jabu. Akwai masu ƙahon tagulla mai ƙyalli da tambarin karen HMV, waɗanda ake harhaɗawa a Indiya. Injin cikinsu daga ƙananan garmaho na hannu aka ciro shi, shi ya sa za ka ga mariƙin wanin ya shiga akwatin a karkace, gwiwar ƙahon kuma an yi mata dalma da kusurwa maimakon ta lanƙwasa sumul. Suna cinye faifai.

Na gaske kuwa, yi masa wani ka saurara. In ka ji "dum" jefi-jefi yana cikin juyawa, tsohon giris ne ya daskare a gwangwanin sifirin, sifirin yana maƙalewa yana kufcewa. Sai an fito da shi, a wanke da kananzir, a sa sabon giris. Don Allah wanda bai saba ba kada ya taɓa, sifirin nan in ya ɓalle yana yanka hannu. In gudun yana hawa da sauka, duba gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin: ƙwallaye uku ne a kan siraran sifirin, in sifirin ɗaya ya karye a canza duka ukun tare don nauyi ya daidaita. Kan da ke riƙe allura kuma, robar da ta kewaye fallen cikinsa tana bushewa, sauti ya riƙa ƙara kamar gwangwani. Canza ta ba wuya. Babbar matsala ita ce kan da aka zuba da gaurayen ƙarfen zinki, kamar yawancin na samfurin Orthophonic na kamfanin Victor da ya fito a 1925. Yana kumbura ya tsattsage da kansa, kuma ba ya ɗaukar walda.

Dattijo:
Ban yarda gaba ɗaya cewa babu riba ba, amma tana wajen wanda bai ɓata kayansa ba. Kankare tsohon fenti a shafa sabo yana karya daraja nan take. Masana sun fi son katakon da ya dusashe da tambarinsa na asali.

Allurar ƙarfe fuskar faifai ɗaya take yi, sai a jefar. Bakinta ne ke cinyewa, in aka maimaita ta sai ta koma kurfi tana sassaƙe faifan. Kada a ɗora ta kan faifan Edison Diamond Disc: zanensa sama da ƙasa yake tafiya, gudunsa juyi 80 ne a minti, ba 78 irin na faifan garmaho da aka saba ba, kuma allurar lu'ulu'u yake so. Faifan 78 kuma kada sifirit ya taɓa shi, narkar da shi yake yi. Ruwa da ɗan sabulu, a shanya ya bushe sarai.