Fitar da titi a gonakin gefen gari: abin da masu awo suka ce

Masu awon filaye da suka tattauna kan unguwannin awon igiya (waɗanda ba gwamnati ce ta yanka filayensu ba) na gefen Kano sun haɗu a kan cewa a zauna da masu gona kafin a kafa turke. A je da mai unguwa da dagaci, a tara duk magada su sa hannu. Ɗaya ya ɓalle, magana ta koma kotu.

Faɗin titi ne wurin gardama. Mai gona fulotai yake ƙirgawa, zai so a bar ƙafa 15 kawai. In aka cire kwata hagu da dama da turakun lantarki, mota biyu ba za su gifta ba, balle motar kashe gobara. Suka ce kada a sauko ƙasa da ƙafa 30, kuma a bi gangaren ruwa, a duba shi da damina. Wanda titi ya ci rabonsa da yawa, a faranta masa da fulotin kwana.

Dokar filaye ta 1978 ta tanadi diyyar gini da amfanin gona, don haka a ƙirga itatuwa a gaban mai gona. Turakun iyaka kuma su zama na siminti, na icce dare ɗaya suke tafiya. A kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, zanen kafin a fara sayarwa.