Na iya mandolin a ɗaki, amma hannuna yana sandarewa a zaman kiɗa

Baƙon Binuwai, Garwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar kayan kiɗa na tsirkiya. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara biyu ke nan da na fara koyon mandolin, ƙaramin kayan kiɗa na tsirkiya mai kama da jita, wanda wani abokin aikina ya sayar mini lokacin da zai bar ƙasar, kuma da yake ban sami malami ba, duk abin da na iya daga bidiyon YouTube na koye shi. Kiɗan bulugiras na Amurka shi ne ya ja ni, musamman yadda sautin banjo yake tuna mini da gurmi da garaya.

A nan Garwa akwai wasu mutum shida da suke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a tsakar gidan ɗayansu. Biyu baƙi ne masu aikin lafiya, sauran kuwa 'yan ƙasa ne masu kaɗa jita. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, kuma sau uku na je. A zuwan farko ban ko buɗe jakar ba. A na biyu na fitar da mandolin ɗin, amma da mai banjo ya gyaɗa mini kai alamar layi ya zo kaina in kaɗa karin waƙar ni kaɗai, sai yatsuna suka sandare. A na uku na fara, na ɓata a tsakiya, na tsaya cik, kuma ko da yake babu wanda ya ce uffan, kunyar da na ji ta hana ni komawa har mako uku. A ɗaki kuwa ina iya kaɗa waƙoƙi goma sha biyu daga farko har ƙarshe. Shin in dakata har sai hannuna ya ƙara nuna, ko kuwa akwai wata hanya da wanda ya riga ni zai nuna mini?

Tsohon Ɗan Amshi, Marwa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka dakata, domin abin da ya rage maka ba a ɗaki ake samunsa ba. Ni a gidan makaɗa na tashi, kuma a wurinmu babu yaron da ake miƙa wa jagorancin waƙa ranar da ya fara bin ubangidansa. Shekaru yake yi yana amshi, yana sauraron inda ake shiga da inda ake fita, har kunnensa ya san kiɗan kafin hannunsa ya sani. Da na je karatu Faransa na tarar da masu bulugiras, har na halarci bikinsu na La Roche-sur-Foron, sai na ga su ma suna da nasu amshin, kuma mai mandolin ne yake riƙe da babban kaso daga cikinsa.

Bill Monroe, mutumin Kentaki wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1996, shi ne wanda sunan ƙungiyarsa ya zama sunan wannan kiɗa, kuma shi kansa mandolin yake kaɗawa. A asalin tsarin wannan kiɗa babu ganga. Idan ka ƙirga bugu huɗu, mai bas, wato babban kayan tsirkiya mai kaurin amo, yana sauka a kan na ɗaya da na uku, kai kuma kana cike na biyu da na huɗu da wani gajeren bugu da suke kira cof, wanda ni na fi son in kira shi sara. Yadda ake yinsa shi ne ka danne haɗin sautin, wato abin da muka saba kira akor, ka sauke bugu ɗaya mai kaifi, sannan nan take ka sassauta yatsun hagu ba tare da ka ɗaga su daga kan tsirkiya ba, don sautin ya mutu da wuri. Mai sara shi ne kalangun wannan taro. Idan saranka ya tsaya daidai, mai waƙa zai ji daɗin waƙarsa, mai banjo zai sami abin dogara, kuma za su yi kewarka ranar da ba ka zo ba, alhali ba ka kaɗa ko layi ɗaya kai kaɗai ba.

Saboda haka shawarata ita ce ka koma Asabar mai zuwa da niyyar sara kawai. Yawancin waƙoƙin akor uku ne, kuma a sautin sol su ne sol da do da re. Ka ɗan ja kujerarka baya, ka rage ƙarfi idan ana rera waƙa ko idan mai jita yana nasa layin, domin jita ba ta da amo sosai. Idan an gyaɗa maka kai, ka girgiza naka a hankali tun kafin layin ya iso, sai a wuce ga na gaba. Wannan ladabi ne sananne a wurinsu, babu wanda zai ɗauke shi gazawa.

Malamar Goge, Ngaundere

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan sara gaskiya ce, amma ka yi mini izini in ƙara wani abu, domin ina tsoron kada Malam ya mayar da amshi maɓoya. Ni gogen Turawa nake kaɗawa, wanda ɗaurin tsirkiyarsa ɗaya ne da na mandolin, wato sol, re, la, mi, kuma na shafe kusan shekara guda ina girgiza kai duk lokacin da layi ya zo kaina. Kowane mako girgizawar tana ƙara sauƙi, karɓar kuma tana ƙara nauyi, har mutane suka daina dubana.

Malam, a ganina ciwon yana cikin yadda kake atisaye. Wanda yake koyo shi kaɗai, idan ya yi kuskure yakan tsaya ya koma farko, kuma bayan shekara biyu tsayawar ta zama ɗabi'ar hannunsa. A cikin taro kuwa kiɗa ba ya jiran kowa. Kuskuren sauti ɗaya yana wucewa kafin a lura, amma shirun da ya biyo bayan tsayawa kowa yana jinsa. Don haka ka ware rabin lokacin atisayenka ga dokar rashin tsayawa: ka kunna sautin rakiya ko manhajar ƙirga bugu, ka kaɗa waƙar sau uku a jere, idan ka ɓata ka ci gaba da motsa hannun dama kana ƙirgawa a zuci, ka sake shiga a farkon jimla ta gaba. Da yawa daga waƙoƙin goge sashe biyu ne, kowane sashe ma'auni takwas, wato rukunin bugu takwas, ana maimaita kowanne sau biyu, saboda haka ƙofofin komawa suna da yawa ga wanda bai daina ƙirga ba.

Sannan ka ajiye goma daga cikin waƙoƙin nan goma sha biyu, ka riƙe biyu kacal waɗanda kake iya kaɗawa ko ana yi maka magana. Ka kaɗa ainihin karin waƙar ba tare da ado ba. Abu mafi muhimmanci, ka nemi a ba ka damar zaɓen waƙa, domin a al'adar wannan zama wanda ya zaɓa shi yake faɗin sautin da za a zauna a kai, shi yake buɗewa, kuma saurin da ya buɗe da shi a kansa kowa zai tafi. Ka buɗe ƙasa da saurin da kake yi a ɗaki, saboda faɗuwar gaba tana sa mutum gaggawa bai sani ba. Kada ka ji nauyin roƙon a sassauta. A Amurka ma akwai zama na musamman da ake tafiya a hankali don masu koyo, kuma Pete Wernick, wanda sanannen mai banjo ne, ya gina tsarin koyarwarsa a kan shigar da sababbin hannu cikin taro tun da wuri.

Ɗan Bakin Shari, Njamena

Ina tare da Baba da Malama, sai dai akwai ƙananan abubuwa biyu da suka taɓa kunyata ni. Na farko shi ne suna. Mu da muka yi makarantar Faransanci mun san sol da la da re, baƙin kuwa haruffa suke kira, G da A da D, kuma kafin ka fassara a kai an riga an wuce. Mafita ita ce lamba: akor na gida shi ne 1, sauran biyun 4 da 5, ko a wane sauti ake. Ka kuma koyi gane siffar yatsun mai jita, ka zauna inda kake ganin hannunsa na hagu, amma ka kula da maƙalar da yake ɗaurawa a wuyan jitar, domin idan tana gaɓa ta biyu daga cikin rabe-raben da ke wuyan, siffar sol a hannunsa la ce a kunnenka.

Na biyu shi ne ɗauri. Tsirkiyar mandolin takwas ce bibbiyu, kuma idan ɗaya ta saɓa wa 'yar'uwarta ko kaɗan, duk abin da ka kaɗa zai fito da tsami, kai kuma ka zaci hannunka ne. Bushewar hunturu da zafin bazara irin namu suna motsa itacen sosai. Ka isa da wuri, ka bar kayan ya saba da iskar wurin, ka ɗaure, ka sake dubawa bayan waƙa biyu. A lokacin hunturu ni nakan sa ɗan soso mai laima cikin leda mai huji a jakar don kada itacen ya tsage.

Baƙon Binuwai, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na koma. Na yi sara a waƙoƙi bakwai, kuma mai bas ya matso da kujerarsa kusa da tawa, abin da ya faranta mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Daga baya na bi shawarar Malama na zaɓi waƙa. Na ɓata a sashe na biyu, amma hannun dama bai tsaya ba, na sake shiga a maimaicin, muka ƙare tare. Abin da ya rage shi ne ƙaramin yatsana, wanda yake ciwo idan na miƙa shi a saran sol mai yatsu huɗu. Baba, yaya kuka yi da wannan?

Tsohon Ɗan Amshi, Marwa

Madalla, ƙanena. Wannan siffar tana kai ƙaramin yatsa har gaɓa ta bakwai alhali manuni yana ta biyu, don haka kada ka tilasta shi. A zama ka bar shi, ka danne tsirkiyoyi uku na ƙasa da yatsu uku, ka kauce wa mai kaurin. A gida kuma ka matsar da siffar gaba ɗaya zuwa si, inda gaɓoɓin suka fi matsuwa, ka yi minti biyar kullum, sannan ka riƙa dawowa gaɓa ɗaya duk mako har ka iso sol. Idan ka ji zafi a wuyan hannu, ka ajiye sai gobe.